Wa Zai Biya Bashin? Sharhi a Kan Koyarwar "Haɗin Kai" a Ilimin Gudanarwa

Gabatarwa

Faston wannan zamani ba wa'azi kaɗai yake yi ba. Shi ne yake shugabantar majalisar dattawa, yakan sa hannu a takardar albashin malaman makarantar ikkilisiya, yakan zauna a kwamitin asibiti ko na gona. Shi ya sa muke koyar da darasin shugabanci da gudanarwa a makarantun tauhidi. Amma mafi yawan littattafan da ake koyar da wannan darasi da su daga makarantun kasuwanci na Amurka da Turai suka fito, kuma duk abin da ake yayi a can yakan iso gare mu bayan 'yan shekaru.

Abin da wasu masana a can suke kira a yi yanzu shi ne a mai da haɗin kai ya zama ƙa'idar da za ta bi da kamfanoni da ƙungiyoyi, har da binciken da ake yi a kansu. Maganar tana da daɗin ji a kunnen mai bi, domin ta yi kama da abin da muke wa'azi a kai. Wannan kamannin ne ya sa ya kamata mu auna ta da kyau kafin mu ɗauka. Ra'ayinmu shi ne: masanan sun gano ciwo na gaske, sun kuma ambaci magani na gaske, amma sau da yawa sukan cire ɗacin maganin kafin su miƙa shi, alhali a cikin ɗacin nan ne warakar take.

Ciwon da suka gano

A shekarar 1911 wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya wallafa littafinsa a kan gudanar da aiki bisa kimiyya. Yakan tsaya da agogo a hannu yana ƙidaya daƙiƙun da lebura yake ɗauka wajen ɗaga kaya. Koyarwarsa ita ce manaja ya yi tunani, ma'aikaci ya yi abin da aka ce. A 1970 Milton Friedman na Jami'ar Shikago ya rubuta a mujallar jaridar New York Times cewa nauyin da ke kan kamfani game da jama'a shi ne ya ƙara riba, muddin bai karya doka ba, bai kuma yi zamba ba. A 1976 Michael Jensen da William Meckling suka shimfiɗa ka'idar da ta ɗauki manaja a matsayin wakilin masu hannun jari wanda zai bi son ransa in ba a sa masa ido ba, ko ba a ɗaure shi da lada ba.

Wanda ya fi kowa fito da illar wannan tafarki shi ne Sumantra Ghoshal, malami a Makarantar Kasuwanci ta Landan. A wata maƙala da ta fito a 2005, bayan rasuwarsa, kuma 'yan shekaru bayan rushewar kamfanin Enron a 2001, ya ɗora wa makarantun kasuwanci wani kaso na laifin. Hujjarsa tana da ƙarfi. Ka'idar da aka yi a kan taurari ba ta canja tafiyar taurari, ko daidai ce ko kuskure. Amma ka'idar da aka yi a kan mutane takan canja mutane. In ka koya wa manajoji cewa kowane ma'aikaci mai neman hanyar cuta ne, za su cika wurin aiki da tsaro da zargi. Ma'aikacin da ya ga ba a yarda da shi ba zai daina ba da zuciyarsa, ya yi iyakar abin da ido yake gani. Sai manaja ya ce, to, ga shi abin da littafi ya faɗa ya tabbata.

A nan muna tare da su. Mun yarda da koyarwar faɗuwar mutum, mun san zuciya tana da son kai. Amma mun kuma yarda an halicci mutum cikin siffar Allah, yana iya riƙe amana, yana iya sadaukarwa. Ka'idar da ta riƙe rabin farko ta yar da na biyu ba ta faɗi gaskiya a kan mutum ba, ko da ta zo da lissafi mai yawa.

Asalin kalmar

Kalmar Turawa da muke fassarawa da "haɗin kai" daga kotu ta fito. A dokar Romawa akwai irin bashin da mutane da yawa suke ci tare, da sharaɗin cewa mai bin bashi yana iya kama kowane ɗaya daga cikinsu ya biya duka. In abokinka ya gudu ko ya tsiyace, kai za ka biya. Dokar Faransa ta 1804 ta gaji wannan ma'ana, daga can kalmar ta shiga bakin 'yan siyasa da masana zaman jama'a irin su Emile Durkheim, wanda ya yi nazarinta a 1893.

Saboda haka fassarar da ta fi kusa da asali a Hausa ita ce "tsaya wa juna", kamar yadda mutum yake tsaya wa ɗan'uwansa wajen mai ba da rance ko a gaban alƙali. Wanda ya tsaya wa wani ya san ranar biya tana iya faɗowa a kansa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kama wannan ma'ana a wasiƙarsa ta 1987 a kan al'amuran zaman jama'a, inda ya bambanta ta da tausayin da yake tasowa ya wuce, ya bayyana ta a matsayin ƙudurin da mutum ya ɗaure a kai na neman alherin kowa, domin alhakin kowa yana wuyan kowa. Ba sai mutum yana ɗan Katolika ba zai ga cewa wannan bayani ya tsaya da ƙafafunsa.

Da wannan ma'auni za mu auna koyarwar. Duk inda aka ce akwai haɗin kai, sai mu tambaya: in rana ta ɓaci, wa zai biya?

Rauni na farko: an mai da shi dabarar riba

Yawancin rubuce-rubucen gudanarwa sukan kare haɗin kai da cewa yana da amfani: ma'aikatan da suke jin su 'yan gida ne ba sa yawan barin aiki, sun fi ƙwazo, riba takan ƙaru. Wannan yana iya zama gaskiya a lokuta da dama. Amma in dalilin tsaya wa ma'aikaci shi ne riba, to ranar da korarsa ta fi kawo riba dalilin ya ƙare. Friedman da kansa bai hana kamfani kyautata wa ma'aikata ba in hakan zai amfani masu jari. Wanda ya kare haɗin kai da hujjar riba bai fita daga gidan Friedman ba, fenti kawai ya sake wa ƙofar.

An ga haka a watan Agusta na 2019, sa'ad da shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 suka sa hannu a wata sanarwa cewa daga yanzu kamfani zai yi wa dukan masu ruwa da tsaki hidima, wato ma'aikata da masu saye da masu kawo kaya da al'umma, ba masu hannun jari kaɗai ba. Wannan tunani ne da Edward Freeman ya yaɗa tun 1984. Wasu masana shari'a biyu na Jami'ar Harvard, Lucian Bebchuk da Roberto Tallarita, suka tambayi kamfanonin ko hukumar daraktocinsu ta amince da sa hannun. Kusan dukan waɗanda suka amsa suka ce ba a ma kai maganar gaban hukuma ba. Da a ce alkawarin zai taɓa kuɗin masu jari, da ba shugaban da zai yi ƙarfin halin sa hannu shi kaɗai.

Rauni na biyu: an mai da shi abin rufe baki

Sau da yawa in shugaba ya ce "mu nan iyali ɗaya ne", abin da ma'aikaci yake ji shi ne "kada ka tambayi albashinka". Littattafan da suke magana a kan al'adar wurin aiki da ruhun tafiya tare ba safai suke tambaya wa yake da ikon yanke magana ba. Haɗin kan da na sama ya tsara, ya kuma riƙe ikon fassara shi, yakan zama biyayya da sabon suna.

Tarihin ƙungiyar ƙwadago ta Foland, wadda sunanta ma shi ne wannan kalma, ya nuna wata fuska dabam. A watan Agusta na 1980 ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk suka shiga yajin aiki saboda an kori wata mai tuƙa injin ɗaga kaya, Anna Walentynowicz, saura 'yan watanni ta yi ritaya. Bayan kwana biyu hukumar masana'antar ta amince da buƙatunsu, Lech Walesa ya ce yaji ya ƙare. Amma ma'aikatan ƙananan wurare da suka shiga yajin don goya musu baya suka ce in aka bar su su kaɗai za a murƙushe su. Sai aka ci gaba da yajin domin waɗanda ba su sami kome ba tukuna. A ranar 31 ga Agusta gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya, kafin shekara ta zagayo mambobin ƙungiyar sun kusa miliyan 10.

Abu biyu za mu lura da su. Waɗanda suka riga suka sami nasu ne suka sa shi cikin haɗari domin wasu. Sa'an nan haɗin kan nan ya ƙunshi cewa "a'a" ga masu iko. Duk koyarwar da ta ɗauki mai ƙorafi a matsayin maƙiyin haɗin kai ta juya maganar a bai-bai. Littafi Mai Tsarki ma bai yabi kowane irin haɗin baki ba: maginan hasumiyar Babila kansu a haɗe yake, Hananiya da Safiratu ma bakinsu ɗaya.

Rauni na uku: ina iyakar "mu"? Darasin Mondragon

Misalin da masu wannan koyarwa suka fi kawowa shi ne Mondragon, wani gari a yankin Bask na ƙasar Sifaniya. Ya cancanci mu daɗe a kansa, domin a can an gwada abin da gaske, kuma ma'aikacin ikkilisiya ne ya dasa shi.

A 1941, bayan yaƙin basasar da ya bar yankin cikin talauci da gaba, aka tura wani matashin firist, José María Arizmendiarrieta, zuwa garin. A 1943 ya buɗe makarantar koyon sana'a. A 1956 biyar daga cikin tsofaffin ɗalibansa suka kafa masana'antar Ulgor, suna ƙera murhun kananzir. A 1959, bisa shawararsa, aka kafa bankin gama-kai mai suna Caja Laboral domin ajiyar mutanen gari ta zama jarin sababbin masana'antu. Shi kansa bai zama manajan masana'antar ba har ya rasu a 1976. Yau rukunin yana da ma'aikata wajen 70,000.

Abin da ya bambanta Mondragon da sanarwar 2019 shi ne an rubuta haɗin kan a doka, an kuma sa masa farashi. Ma'aikaci yakan zuba jarinsa ya zama mamba. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi a babban taro, ko manaja ne ko mai shara. Da farko albashin na sama ba ya wuce ninki 3 na albashin na ƙasa. Daga baya aka ɗaga iyakar zuwa wajen ninki 6. Ƙungiyoyin sukan zuba wani kaso na ribarsu a asusu ɗaya, in kuma wata ta shiga matsala sai a rarraba mambobinta a sauran.

Duk da haka labarin yana da tabo. A 1974 ɗaruruwan ma'aikatan Ulgor suka yi yaji a kan sabon tsarin auna aiki, aka kori jagororin yajin, sai bayan wasu shekaru aka dawo da su. Wata masaniya Ba'amurkiya, Sharryn Kasmir, ta zauna a garin ta wallafa bincikenta a 1996, inda ta nuna cewa leburori da yawa ba sa jin masana'antar tasu ce kamar yadda manajoji suke ji. Takardar mallaka ba ta isa ta sa mutum ya ji muryarsa tana da nauyi ba.

Babbar jarrabawa ta zo a 2013. Kamfanin Fagor mai ƙera firji da injin wanki da murhu, wanda shi ne magajin Ulgor, ya ci bashi mai yawa ya faɗaɗa zuwa ƙasashen waje, har ya sayi kamfanin Brandt na Faransa a 2005. Da kasuwar gine-gine ta Sifaniya ta faɗi daga 2008, ciniki ya karye. Sauran ƙungiyoyin suka tallafa masa da kimanin yuro miliyan 300. Da ya dawo neman ƙari a ƙarshen 2013, suka ƙi, kamfanin ya durƙushe. Mambobinsa na yankin Bask, kusan mutum 2,000, mafi yawansu an sama musu aiki a wasu ƙungiyoyin ko an ba su ritaya da wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kamfanoni kaɗan ne a duniya za su yi haka. Amma Fagor yana da ma'aikata sama da 5,000. Na masana'antunsa a Faransa da Foland da Maroko ba mambobi ba ne, 'yan ƙwadago ne kawai. Ba su da ƙuri'a, alkawarin sake ba da aiki bai shafe su ba.

Ga abin da masu yabon Mondragon suke saurin tsallakewa. Igiyar da ta ɗaure tsintsiya ita ce kuma take nuna waɗanda suke waje. Ibn Khaldun ya ga haka tun ƙarni na 14 a bayaninsa na asabiyya: ƙarfin da yake haɗa dangi shi ne yake sa su fifita nasu a kan bare. Mu da muke zaune inda ƙabila da addini suke raba unguwanni ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Akwai kuma darasi na biyu: ƙin ƙara wa Fagor kuɗi shi ma tsaya wa juna ne, domin da sun ci gaba da zubawa da sun jefa dubban ma'aikatan sauran ƙungiyoyi cikin rami ɗaya. Haɗin kai bai maye gurbin iya lissafi ba. A sura ta 6 ta wasiƙarsa ga Galatiyawa, Manzo Bulus ya haɗa umarnin ɗaukar wa juna nauyi da tunin cewa kowa yana da kayan da shi zai ɗauka da kansa.

Abin da ya shafe mu

Ikkilisiya ba kamfani ba ce, amma tana ɗaukar ma'aikata, tana biyan albashi, tana sallama. Tana kuma da kalmomi masu daɗi fiye da na kowane kamfani: zumunci, 'yan'uwantaka, jiki ɗaya. Saboda haka haɗarin amfani da su don rufe baki ya fi girma a wurinmu. Malamin makaranta da aka riƙe wa albashi wata uku, aka ce masa ya yi haƙuri aikin Ubangiji ne, alhali ana zuba dakali a sabon ginin sujada, ya san wa yake biyan bashin.

Nassi bai bar wannan magana a matsayin jin daɗin zuciya ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsawata wa masu gunagunin don suna ɓata haɗin kai ba. Suka kira taro, jama'a suka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su. Ga alama an danƙa rabon a hannun ɓangaren da aka cuta. A 2 Korintiyawa sura 8 da 9, Bulus yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Al'ummai na Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba su kuma taɓa ganin juna ba. Manufarsa ita ce a sami daidaito, ya kuma sa wakilin da ikkilisiyoyi suka zaɓa ya raka kuɗin don kada a sami abin zargi. A Nehemiya sura 5, gwamna ya tara manya a gaban jama'a ya sa suka mayar da gonakin da suka karɓa jingina, shi kuma ya bar haƙƙin abincinsa na gwamna har shekara 12. A duk wuraren nan uku akwai wanda ya yi asara, akwai tsari a fili, an kuma ƙetare wata iyaka.

In za mu ɗauki koyarwar nan, sai mu ɗauke ta da ɗacinta. Inda kowace ikkilisiya take biyan fastonta daga baikonta, mai bishara a ƙauye yakan zauna da ɗan abin da ba ya kai shi ƙarshen wata, abokin karatunsa a birni yana da mota da gida. Majalisar gunduma tana iya sa mafi ƙarancin albashi da asusun daidaitawa, ta rubuta, ta karanta lissafinsa a taron shekara. Tana iya rubuta abin da zai faru da gwauruwar fasto kafin ranar da za a bukaci ta bar gidan ikkilisiya. Tana iya sa hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai kuka ba tare da ya bi ta hannun wanda yake kuka da shi ba. Ikkilisiyoyin da rikici ya tarwatsa suna bukatar kaso tabbatacce a kasafin 'yan'uwansu, ba baiko na musamman sau ɗaya ba. Mai gadi da mai shara da direban asibitinmu, ko da ba masu bi ba ne, su ne ma'aikatan Fagor na Maroko a gidanmu.

Ba sabon abu muke nema ba. Wanda ya je gayya ya bar gonarsa ranar nan, ya kuma san za a zo tasa. Matan Zumunta da suke kai hatsi da itace gidan makoki daga rumbunsu suke ɗiba. Abin da ya rage shi ne wannan hali ya hau daga tabarmar gidan makoki zuwa teburin kwamitin kuɗi. Masanan gudanarwa sun yi mana alheri da suka tuna mana cewa abin da muka koyar game da mutum shi ne irin mutumin da za mu samu. Ya rage gare mu, duk lokacin da aka ambaci haɗin kai a taro, mu nemi a nuna mana layin da yake zaune a cikin kasafin kuɗi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ikkilisiyarku ko gundumarku, ninki nawa ne tsakanin albashi mafi girma da mafi ƙanƙanta? Wa ya san wannan lissafi, wa ya yanke shi?
2. Ku karanta Ayyukan Manzanni 6:1-7. Yaya za ku bambanta gunagunin da yake rushe jiki da kukan da yake gyara shi?
3. Da kuna cikin majalisar da ta ƙi ƙara wa Fagor kuɗi a 2013, wace ƙuri'a za ku jefa, da wane dalili?
4. Su wane ne suke yi wa ikkilisiyarku aiki amma ba sa cikin "mu" sa'ad da ake rabon amfani?